Daga hurumin tumaki zuwa bayan katanga: yadda filayen ƙwallon lambu suka yaɗu a duniya

Duk wanda ya taɓa bi ta Ikoyi a Legas, ko ta Onireke a Ibadan can kusa da Sabo, ya ga wani makeken fili kore shar, ciyawa a aske kamar darduma, ba gida ba shago. Sai ƴan tsirarun mutane suna tafe a hankali, wani yaro na biye da su da doguwar jaka a kafaɗa. Filin golof ke nan, wasan da gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu. Ba Golf ɗin da ake kabu-kabu da ita nake nufi ba. A garin da ake rububin ɗaki ɗaya na haya, dole mutum ya tambayi kansa: wa ya ƙirƙiro wasan da ke cin fili haka, kuma yaya aka yi ya karaɗe duniya har ya iso nan?

Amsar na da ban mamaki. Wannan wasa ya taso ne a hurumin gari, a ƙasar da ba ta nomuwa, inda tumaki da zomaye ke kiwo. Ya yi shekara kusan 400 a maƙale a gefen teku a ƙasar Sukotlan. Sannan cikin shekara 60 kacal, daga wajen 1850 zuwa 1914, ya fantsama ko'ina. Abubuwan da suka tura shi su ne ƙwallo mai araha, jirgin ƙasa, injin aske ciyawa, ranakun hutu, da mulkin mallakar Ingila. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Yadda wasan yake a taƙaice

Ƙwallon ƙarama ce, ba ta fi lemon tsami girma ba, nauyinta bai wuce giram 46 ba. Ana bugun ta da sanda mai lanƙwasasshen kai, kusan irin ta ƙwallon gora. Manufa ita ce a jefa ta cikin wani ɗan rami mai faɗin santimita 10.8, wanda aka kafa wa tuta don a hango shi daga nesa. Cikakken fili na da ramuka 18. Daga inda ake fara bugu zuwa ramin, wani bai fi mita 120 ba, wani ya haura mita 500. Wanda ya kammala duka da mafi ƙarancin bugu shi ya ci. Doka ta yarda ɗan wasa ya riƙe sanduna har 14, kowace da aikinta, shi ya sa ake buƙatar mai ɗaukar jaka, wanda ake kira kadi.

Zagaye ɗaya na cin wajen awa huɗu, da tafiyar ƙafa ta kilomita shida ko fiye. Fili mai ramuka 18 kan ci hekta 50 zuwa 70. In ka ƙiyasta, wannan ya kai filin ƙwallon ƙafa 80 ko sama da haka. Ka riƙe wannan lissafin a ranka, domin duk tarihin wasan nan magana ce ta fili: na wa ne, wa zai gyara shi, wa zai shiga.

Asalin fili: hurumin bakin teku

Wasan bugun ƙwallo da sanda ba sabon abu ba ne. Mutanen Holan na da nasu mai suna kolf, mutanen Sin ma sun yi wani irinsa tun da daɗewa. Amma wasan da muka sani yau, na bugu mai nisa zuwa ramuka a jere, a gabashin Sukotlan ya samu siffarsa.

A can akwai wata irin ƙasa tsakanin teku da gonaki, wadda suke kira "links". Rairayi ne da iska ta tara shekara da shekaru, ciyawa gajera mai laushi ta rufe shi. Hatsi ba ya yi a wurin, saboda haka aka bar shi hurumin gari. Mata na shanya wanki, masunta na shanya koma, yara na wasa, sojoji na atisaye, tumaki da shanu na kiwo. To a nan ne mutane suka fara haƙa ƴan ramuka suna gasar wa zai jefa ƙwallo ciki.

Wanda ya tashi a gidan fataucin shanu irina zai fi kowa gane sirrin wurin. Tunkiya ba ta cin ciyawa kamar saniya. Saniya na naɗe ciyawa da harshe ta fizga, ita kuwa tunkiya gutsura take yi har ƙasa, ta bar wurin kamar an aske. Zomaye su ma haka. Kashinsu kuma taki ne. Rairayi na shanye ruwan sama nan take, babu taɓo ko da damina. Ka ga ke nan, fili ya gyara kansa ba tare da an kashe ko kwabo ba. Hatta ramukan yashin nan da ake haƙawa da gangan a filayen yau don su wahalar da ɗan wasa, ana cewa asalinsu kwarin da tumaki ke lafewa ne don guje wa iskar teku, har ciyawar wurin ta mutu yashi ya fito.

Sarki ya hana, jikansa ya sayi sanduna

Rubutu na farko da ya ambaci wasan doka ce ta hani. A 1457 majalisar Sarki James na II ta haramta golof da ƙwallon ƙafa. Dalili kuwa, samari sun bar koyon harbi da kwari da baka, alhali ƙasar na zaman ɗar-ɗar da Ingila. An sake nanata dokar a 1471 da 1491. Maimaita doka har sau uku ya isa ya nuna maka mutane ba su daina ba.

A 1502 aka ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya da Ingila, kuma a wannan shekarar littafin baitulmali ya nuna Sarki James na IV da kansa ya sayi sandunan golof daga wani mai sassaƙa baka a garin Perth. A 1552 babban limamin cocin garin St Andrews, John Hamilton, ya sa hannu a wata takarda da ta ba shi izinin kiwon zomaye a wani ɓangare na hurumin, ta kuma tabbatar wa mutanen gari haƙƙinsu na yin golof da sauran wasanni a wurin. Wannan takarda na da muhimmanci, don ta nuna filin na jama'ar gari ne, ba na wani attajiri ba.

Kulob, dokoki, da yadda aka samu 18

Har zuwa ƙarni na 18 kowane gari da irin nasa wasan. A 1744 wasu manyan mutanen Edinburgh da ke wasa a hurumin Leith suka nemi hukumar gari ta ba su sandar azurfa a matsayin kyautar gasa. Don kada a yi gardama, suka rubuta dokoki 13. Su ne rubutattun dokoki mafiya tsufa da ake da su. Wani likita mai suna John Rattray ne ya ci gasar farko. A 1754 mutum 22 suka kafa tasu ƙungiyar a St Andrews, kuma a 1834 Sarki William na IV ya ba ta laƙabin Royal and Ancient, sunan da take amsawa har yau.

A lokacin babu ƙayyadadden adadin ramuka. Leith na da 5, Musselburgh na da 7. Shi kuwa filin St Andrews siriri ne dogo, sai a bi ramuka a tafi har ƙarshe, a juyo a sake bin su a dawo, jimilla 22. A 1764 suka ga ramuka huɗu na farko sun yi gajarta, suka haɗe su suka zama biyu. Tunda ana bin su a tafiya da dawowa, lissafi ya ragu da huɗu, ya koma 18. Babu wata hikima da ta wuce wannan. Da St Andrews ta yi suna, sai sababbin filaye suka riƙa kwaikwayon ta, har 18 ta zama ƙa'ida a ƙarshen ƙarni na 19. Haka ma faɗin rami: a 1829 kulob ɗin Musselburgh ya samu wani ƙarfen yankan rami, kuma faɗin wannan ƙarfen ne aka mayar doka a 1891.

Rikicin zomaye

Rigimar fili tsakanin masu kiwo da wasu ba a kanmu aka fara ba. A 1797 bashi ya ci hukumar garin St Andrews, ta sayar da hurumin. Bayan shekara biyu ya faɗa hannun iyalan Dempster, waɗanda suka mayar da shi wurin kiwon zomaye na kasuwanci, don nama da fata. Zomaye suka yi ta haƙa ramuka, filin wasa ya lalace. Ƴan golof suka ce haƙƙinsu ya girmi cinikin, masu zomaye suka ce da kuɗinsu suka saya. Aka yi ta shari'a da kai ruwa rana kusan shekara 20. Ba a huta ba sai a 1821, da wani mai ƙasa ɗan golof, James Cheape, ya saye filin ya bar shi don wasa. A 1894 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta mayar da filin hannun gari.

A wannan zamanin wasan ya kusa mutuwa. Kulob-kulob ɗin da ake da su a duniya ba su taka kara sun karya ba, wasu ma sun rushe, gidaje sun cinye wasu huruman. Babban abin da ya daƙile shi kuwa tsadar ƙwallo ce.

Dalili na farko: ƙwallo ta yi araha

Tsohuwar ƙwallon da fata ake ɗinka ta. A dafa gashin dinya ko na kaza, wanda zai cika doguwar hular Turawa, a cusa shi cikin jiƙaƙƙiyar fatar da ba ta fi ƙwai girma ba, a ɗinke. In ta bushe, fata ta tsuke, gashi ya kumbura, sai ta yi tauri. Gwanin maɗinki bai wuce ya yi uku ko huɗu a yini ba. Sau da yawa ƙwallo ɗaya ta fi sanda tsada, ga shi in ruwa ya taɓa ta ko ƙarfe ya sare ta, shi ke nan ta fashe. Talaka ina zai iya?

A 1848 aka fara yin ƙwallo da danƙon wata bishiya ta yankin Maleshiya mai suna gutta-percha. A sa shi a ruwan zafi ya yi laushi, a mulmula, ya huce ya yi tauri. Ba ta jin ruwa, in ta lotse a sake dafawa a gyara, kuɗinta kuma bai kai rabin na tsohuwar ba. Nan da nan masu ƙaramin ƙarfi suka samu shiga.

Ba kowa ya yi murna ba. Allan Robertson, gwanin ƴan wasan St Andrews, sana'ar gidansu ita ce ɗinkin ƙwallon gashi. Ya ga abincinsa zai ƙare, ya yi tsaye ya ƙi sabuwar. Da ya tarar da yaron shagonsa Tom Morris yana wasa da ita, sai suka raba gari. Wannan saɓanin ya zama alheri ga wasan, kamar yadda za mu gani. Shi ma Robertson daga baya dole ya bi zamani ya koma yin ta danƙo.

An sake samun wani sauyin a 1898, lokacin da wani Ba'amurke, Coburn Haskell, ya fito da ƙwallon da aka naɗe cikinta da zaren roba. Ta fi tafiya nesa, ta fi yi wa ɗan koyo sauƙi. Da Sandy Herd ya ci babbar gasar Birtaniya da ita a 1902, kowa ya koma kanta. Sai dai ta jawo dole a tsawaita filaye, wato a ƙara cin ƙasa.

Dalili na biyu: jirgin ƙasa

Layin dogo ya isa St Andrews a 1852. Kafin nan zuwa garin aiki ne ja. A daidai lokacin kuma Sarauniya Victoria ta mayar da Balmoral da ke Sukotlan wurin hutunta, sai zuwa hutu can ya zama abin yayi ga masu hali na Ingila. Suka je suka ga wasan, suka koma gida da sanduna.

Daga nan duk inda tasha ta je, fili na biye. Ma'aikacin banki a Landan ko Liverpool zai iya hawa jirgi da safe, ya yi wasa, ya dawo gida kafin dare. Kamfanonin jirgin ƙasa suka gano akwai kuɗi a ciki, suka shiga gina manyan otal-otal haɗe da filayen golof don su samu fasinja. Turnberry da aka buɗe a 1906 da Gleneagles da aka buɗe otal ɗinsa a 1924 duk aikin kamfanonin jirgi ne.

Dalili na uku: an koyi gina fili a ko'ina

Matsalar ita ce ba kowane gari ke da hurumin bakin teku ba. In za a yi wasan a cikin ƙasa, sai an samu abin da zai yi aikin tumaki. Edwin Budding ya ƙera injin aske ciyawa a Ingila a 1830, kuma zuwa ƙarshen ƙarnin an inganta shi, har da wanda doki ke ja. Da wannan injin aka iya mayar da gona ko daji filin wasa.

Sai kuma gwanaye. Tom Morris, wanda ake kira Tom Tsoho, bayan rabuwarsa da maigidansa ya koma Prestwick a 1851, ya shimfiɗa fili mai ramuka 12. A wannan filin aka yi gasar Open ta farko a watan Oktoban 1860. Mutum takwas kacal suka shiga, suka zagaya sau uku a yini ɗaya, Willie Park ya ci da bugu 174. Tom ya ci sau huɗu daga baya, ɗansa ma sau huɗu. A tsakiyar shekarun 1860 ya koma St Andrews a matsayin mai kula da fili, ya faɗaɗa shi, ya kuma yaɗa dabarar barbaɗa yashi a kan ciyawar da ke kewaye da rami don ta yi laushi ta kwanta, dabarar da ake bi har gobe. Garuruwa suka riƙa gayyatarsa. Zai sauka daga jirgi, ya zagaya fili a ƙafa, ya kakkafa turaku inda ramuka za su zauna, a biya shi fam ɗaya a yini da kuɗin hanya. Ya sa hannu a filaye da dama a Birtaniya da Ayalan kafin ya rasu a 1908.

Wajen 1900 aka gano cewa wata ƙasa mai rairayi a kudu maso yammacin Landan ta yi kama da ta bakin teku. Aka gina filaye irin su Sunningdale a 1901, da gangan, da leburori da dawaki, ana sare itatuwa ana shuka ciyawa. Daga nan tsara filin golof ya zama sana'a mai zaman kanta. Ya kuma zama abin da sai da jari.

Dalili na huɗu: kuɗi, hutu, da neman shiga mutane

Masana'antu sun haifar da sabon rukunin mutane a Birtaniya: lauyoyi, likitoci, akantoci, manajoji, ƴan kasuwa. Suna da kuɗi, aikinsu na zaman ofis ne, sun kuma fara samun rabin ranar Asabar da ranakun hutun da dokar 1871 ta kawo. Golof ya dace da su ta fuskoki da yawa. Ba ya buƙatar gudu ko ƙarfi, ɗan shekara 60 na iya yi. Ba sai an tara mutum 22 ba, biyu sun isa. Akwai kuma tsarin rangwame, inda ake rage wa mai rauni wasu bugu gwargwadon iyawarsa, ta yadda ɗan koyo zai kara da gwani kuma a yi gasa ta gaske. Ga shi awa huɗu ana tafe ana hira, ciniki da yawa a nan ake ƙulla shi.

Manya ma sun taimaka. Arthur Balfour, wanda ya zama firaministan Birtaniya a 1902, mayen golof ne, jaridu na ta buga hotonsa da sanda. Mata ma ba a bar su a baya ba, sun kafa kulob ɗinsu a St Andrews tun 1867.

Alƙaluman Ingila sun isa shaida. An buɗe filin Westward Ho! a 1864, na Hoylake kusa da Liverpool a 1869. A 1880 filaye 12 ne a duk Ingila. A 1887 sun kai 50. Zuwa 1914 sun haura 1,000.

Dalili na biyar: duk inda Bature ya sauka

Mutanen Sukotlan sun yi yawa a cikin sojoji, injiniyoyi, ma'aikatan banki da fataken daular Birtaniya. Kamar yadda Bahaushe in ya sauka a baƙon gari yake neman ƴan'uwa su kafa zango, haka su ma suke kafa kulob. Shi ya sa golof ya isa Indiya kafin ya isa yawancin garuruwan Ingila: an kafa kulob ɗin Kalkata a 1829. Na Pau a Faransa ya biyo a 1856, shi ne na farko a cikin nahiyar Turai in an cire tsibiran Birtaniya. Sai Montreal a Kanada a 1873, Cape Town a Afirka ta Kudu a 1885, Hong Kong a 1889. A Japan wani ɗan kasuwar Ingila, Arthur Groom, ya buɗe fili a kan dutsen Rokko kusa da Kobe a 1903. Nairobi ta samu nata a 1906.

Amurka ta karɓe tuta

A 1888 wani ɗan asalin Sukotlan mai suna John Reid ya haƙa ramuka uku a makiyayar shanu a Yonkers, kusa da New York, shi da abokansa. Ka ga an sake komawa wurin kiwo. A Disambar 1894 kulob biyar suka haɗu suka kafa hukumar golof ta Amurka. A 1895 birnin New York ya buɗe filin Van Cortlandt, wanda gwamnati ta gina don kowa da kowa. Matasa da yawa daga ƙananan garuruwan Sukotlan irin su Carnoustie suka yi ƙaura zuwa Amurka suna koyarwa da kula da filaye. Ɗaya daga cikin ƴan Sukotlan ɗin, Tom Bendelow, ya shimfiɗa ɗaruruwan filaye shi kaɗai, kuma ya daɗe yana yi wa kamfanin kayan wasa na Spalding aiki, wanda ribarsa ita ce a samu masu sayen sanda da ƙwallo.

Abin da ya kunna wutar sosai ya faru a 1913 a Brookline, kusa da Boston. Francis Ouimet, ɗan talakawa mai shekara 20 wanda ya taso yana ɗaukar wa masu kuɗi jaka a wannan filin, ya doke manyan gwanayen Birtaniya biyu, Harry Vardon da Ted Ray, ya ci gasar Amurka. Mai ɗaukar masa jaka yaro ne ɗan shekara 10. Labarin ya hau shafin farko na jaridu, ƴaƴan talakawa suka ga ashe su ma za su iya. A 1910 kulob 267 ne ke ƙarƙashin hukumar Amurka, zuwa 1932 sun wuce 1,100. Mota ta yi wa Amurka abin da jirgin ƙasa ya yi wa Birtaniya. Yau akwai filaye sama da 38,000 a duniya, kuma Amurka kaɗai na da wajen 16,000.

Sai dai ƙofar ba ga kowa ta buɗe ba. Baƙar fata sun shiga wasan da wuri: John Shippen ya buga gasar Amurka a 1896, kuma wani likitan haƙori baƙar fata a Boston, George Grant, ya yi rajistar ɗan turken katakon da ake ɗora ƙwallo a kai a 1899. Duk da haka, daga 1934 zuwa 1961 ƙungiyar ƙwararrun ƴan wasan Amurka na da rubutacciyar dokar da ta ce farar fata kaɗai za su zama mambobi.

Yadda ya iso Najeriya

Nan ma hanyar ɗaya ce. Filayen farko sun fito ne a garuruwan da Turawa suka taru don mulki, ma'adinai ko layin dogo: Jos, Kano, Kaduna, Inugu, Ibadan, Legas. Filin Rayfield na Jos, wanda Turawan haƙar kuza suka kafa a 1913, shi aka fi ambata a matsayin mafi tsufa. A Legas, kulob ɗin Turawa da kulob ɗin golof na garin suka haɗe a 1938, abin da ya sa har yau ake kiransa Ikoyi Club 1938.

Bambancin shi ne a nan wasan bai taso daga hurumin gari ba. Ya sauka ne kai tsaye a unguwannin da aka keɓe wa Turawa, inda ɗan ƙasa ba ya shiga sai a matsayin lebura ko mai ɗaukar jaka. Yanayi ma ya tilasta sauyi. Ciyawa mai laushi ba ta jure rani sai da ban ruwa mai tsada, saboda haka a filaye da yawa aka riƙa shimfiɗa yashi gauraye da baƙin mai a kewayen rami, a daddaɓe, a riƙa share shi bayan kowane ɗan wasa. Bayan samun ƴancin kai manyan sojoji, ma'aikatan gwamnati da ƴan kasuwa suka gaji kulob-kulob ɗin. Babban filin Abuja mai sunan IBB an buɗe shi a 1991.

Katangar daga baya ta zo

In ka duba tarihin nan daga farko, za ka ga tsadar golof ba daga sanda da ƙwallo take ba, daga fili take. A inda tumaki ke aske ciyawa, sama ke ban ruwa, ƙasa kuma ta gari ce, masunci da maƙeri sun yi wasa kusa da mai sarauta. A inda sai an sayi hekta 60, an kawo inji, an ja ruwa, an biya ma'aikata, dole a tara kuɗi daga mambobi, kuma wanda ya biya shi ke cewa a ja katanga.

Har yanzu akwai wuraren da tsohon tsarin bai mutu ba. A Westward Ho! tumaki da dawaki na kiwo a tsakiyar fili, ƴan wasa na ratsa su, domin hurumi ne kuma masu dabbobi na da haƙƙinsu. Shi kuwa tsohon filin St Andrews, wanda duk ɗan golof a duniya ke burin takawa, ba mallakar kulob ba ne, wata hukumar amana ce ke riƙe da shi a madadin jama'a. Ranar Lahadi, in ba babbar gasa ake yi ba, ba a wasa a cikinsa. Mutanen gari ne ke fitowa da iyalansu su sha iska a kai, kamar yadda kakanninsu suka yi tun kafin takardar 1552.

Saboda haka, mai karatu, in ka sake wucewa ta gefen koren filin nan na Ikoyi ko na Onireke, ka tuna cewa tumaki ne ma'aikatan farko na irin wannan fili, kuma da a hurumin kowa da kowa ake yin wasan.